Muryar Bunsuru

A Aboabo, bayan shagon mai gyaran fanka,
akwai ɗakin da rana ba ta san da shi ba.
Nan Masahudu yake zana bunsuru a tsohuwar kwamfuta,
ƙafa uku daidai, ta huɗu a karkace,
ido ɗaya ya fi ɗan'uwansa girma.
Ya ce ba kuskure ba ne, salo ne.

Ni ne muryar.
Muka toshe taga da katifa saboda ihun 'yan mota,
na kafa baki a makirfo mai ɗaurin roba
ina faɗar abin da ba na iya faɗa da rana tsaka.
Bunsurun ɗan haya ne, wata bakwai bai biya ba,
yana tusa a gaban mai gida,
yana leƙen makewayi,
kowace akuya ya yi mata alkawarin fili a Tafo.
Minti huɗu-huɗu, ashar kamar ruwan ƙanƙara.
Sau biyu ɗauke wuta na cinye mana kashi na biyar.

Da suka cika goma sha biyu muka zuba su a faifai,
guda ɗari uku.
A bangon Masahudu ya rubuta da ja: BA NA YARA BA NE.
Rubutun nan shi ya yi mana talla.
A Kejetiya, tsakanin mai takalma da mai maganin ɓera,
ina daga hannu ina cewa, sidi ɗaya, sidi biyu,
na farkon faifai, na biyun kuɗi.
Kafin Juma'a masu kwafi sun riga mu isa Tamale
da bangon da ya fi namu kyau.

Abin da na manta shi ne murya gado ce.
Babana, Malam Issaka, shekara talatin yana kiran salla a layinmu,
maƙogwaronsa na ɗauko sak,
har da 'yar karayar nan ta ƙarshen numfashi.
Lamnatu mai shinkafa da wake ce ta fara cewa,
"Bunsurun nan, kamar ina jin sa da asuba."
Layi ya ɗauka.

Kwana tara ina shiga gida ta baya.

Daren na goma na ga haske shuɗi a ƙarƙashin ƙofa.
Yana kan tabarma, ya ba ni baya,
ya rage sauti har sai ka kasa kunne,
kafaɗunsa na rawa.
Na ce shi ke nan, na sa tsoho kuka.
Sai bunsuru ya saki tasa a gaban mai gida,
na ga Malam ya cire hula ya toshe baki.

Bai juyo ba.
Ya zare faifan, ya duba bakan gizon da ke cikinsa.
"Aro na ba ka," ya ce, "ba kyauta ba.
Wanda ya ari riga ba ya shiga kwata da ita."
Ya yi shiru har na ji agogo.
"Mai gidan nan, Alhaji Bawa ne, ko?
Kun rage masa tumbi."

Yanzu Masahudu keke mai ƙafa uku yake tuƙawa a Asawase.
Injin faifai ko a bola sai an tona.
Malam ya cika shekara shida a ƙasa,
kuma duk asubahin nan na shekara talatin
ba wanda ya tuna ya naɗa ko ɗaya.

Saura faifai guda a hannuna, duk ya karce.
In kewa ta kama ni nakan je wurin mai gyaran fanka,
ya karkaɗe ƙura, ya jona waya,
in zauna in jira bunsuru ya gama zagi,
ya ja numfashi,
ta karye.